Yadda Malaman Makaranta Suka Haɗa Kai a Shekarun Ƙarancin Kuɗi

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin Ma'aji a zamanin En'e ya san yadda ake tsara kasafin shekara a Baitulmali a wancan lokaci. A lokacin akan fara da albashin Sarki da 'yan majalisarsa, da hakimai da dagatai, da alƙalai da 'yan doka, sa'an nan a gangaro kan ayyuka da asibiti da makaranta. In shekara ta yi kyau, haraji da jangali suka shigo cif, kowa ya sami rabonsa. In kuwa ta zo da gardama, sai a ɗauki alƙalami a shiga ragi, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa a wurin shi ragin ya fi faɗa wa. Malamin makaranta ya daɗe cikin marasa mai tsaya musu. Ga labarin yadda malaman Nijeriya, na Kudu da na Arewa, suka samar wa kansu bakin magana.

Tun farko makarantun boko ba asalinsu ɗaya ba a ƙasan nan. A Kudu 'yan Mishan ne suka kafa su, tun kafin Turawa su kama mulki, har babbar makarantar C.M.S. ta Ikko an buɗe ta a 1859. Mishan ke ɗaukar malami, ita ke biyansa, Gwamnati kuwa sai ta ba da gudummawa ga makarantun da ta yarda da aikinsu. A Arewa al'amarin dabam yake. Baturen nan Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi Ɗan Hausa, shi ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horon malamai. Makarantun da suka bazu cikin lardunan Musulmi galibinsu na En'e ne, albashin malamansu daga Baitulmali yake fitowa, Baturen makaranta na lardi kuma shi ke duba aikinsu.

Saboda haka sai aka wayi gari da malamai iri uku: na Gwamnati, da na Mishan, da na En'e. Allo ɗaya suke rubutu a kai, lissafi ɗaya suke koyarwa, amma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Malamin Gwamnati yana da albashi tsayayye, da ƙarin shekara, da fansho in ya tsufa. Malamin Mishan albashinsa bai kai na wancan ba, in ƙarfinsa ya ƙare kuwa ba abin da ke jiransa sai abin da ya tara ko abin da 'ya'yansa suka ba shi. Malamin En'e rabonsa na rataye da ƙarfin Baitulmalin ƙasarsa, don abin da Kano za ta iya biya ƙaramar En'e ba ta iyawa.

A 1926 aka yi dokar ilmi ta Ikko da lardunan Kudu. Dokar ta ce ba mai koyarwa sai an rubuta sunansa cikin littafin rajistar malamai, ba mai buɗe makaranta sai da izini, ta kuma yanka mafi ƙanƙantar albashin da za a biya malami a makarantun da ke karɓar gudummawa. Bayan shekara uku, a 1929, aka haɗa ofishin ilmi na Arewa da na Kudu aka mai da su ɗaya, aka kawo Mista E. R. J. Hussey daga Uganda ya zama Darektan Ilmi na ƙasa duka. Ya zo da shirin gyara babba. Ya kasa karatu hawa uku: Elementare a ƙasa, inda za a fara koyarwa da harshen gida, da Midil a tsakiya, da babbar kwaleji a sama don horon ma'aikata. Daga wannan shiri ne makarantun lardi na Arewa suka koma Midil, aka buɗe wuraren horon malaman Elementare, aka kuma kafa Kwalejin Yaba, wadda aka yi bikin buɗewarta a 1934.

To, amma shirin ya zo a mugun lokaci. A shekarar da Hussey ya kama aiki, a ita ce ciniki ya karye a Amurka, karyewar ta bi duniya duka. Gyaɗa da auduga a Arewa, manja da kwara da koko a Kudu, duk farashinsu ya faɗi warwas. Kuɗin Gwamnati kuwa mafi yawansa daga kwastan yake fitowa, ga shi a zamanin nan ƙa'idar Ingila ita ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinta ta ɗauki nauyin kanta. Da kuɗi ya ja baya sai aka shiga tsimi. Aka rage ma'aikata, aka dakatar da gine-gine, aka ƙayyade gudummawar makarantu ba ta ƙaruwa, alhali yara kullum ƙaruwa suke yi. 'Yan Mishan ba su so su rufe makarantunsu, don haka sai suka juya kan abin da ya fi cin kuɗi, wato albashi. Wasu malamai aka rage musu, wasu aka tsai da ƙarinsu, a wurare da yawa kuma aka gwammace a ɗauki yaro wanda bai sami horo ba, don shi ya fi araha. Gyaran da aka tsara a ofis, malami ne aka ɗora wa aikinsa, kuma daga aljihunsa aka cike giɓinsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dama akwai ƙananan jam'iyyu biyu, ta malaman Ikko da aka kafa a 1925, da ta shugabannin makarantun Ijebu da aka kafa a 1926. A watan Yuli 1931 wakilan malamai suka taru a Ikko, suka haɗa kansu cikin jam'iyya guda, suka sa mata suna Jam'iyyar Malaman Nijeriya, wadda aka fi sani da N.U.T. Suka zaɓi Rabaran I. O. Ransome-Kuti ya zama shugaba. Mutumin Abeokuta ne, a lokacin yana riƙe da babbar makarantar Ijebu-Ode, daga baya ya koma garinsu ya riƙe tasu. Ya daɗe bisa shugabancin jam'iyyar fiye da shekara 20. Wanda ya fi ɗaukar wahalar aikin ofishinta kuwa shi ne Mista E. E. Esua, wanda ya yi shekaru masu yawa yana babban magatakarda.

Waɗannan mutane ba masu tada husuma ba ne. Da yawansu limaman coci ne ko shugabannin makarantu, mutane masu kamun kai. Makaminsu takarda ne da haƙuri. Sukan yi taro kowace shekara, su tsai da shawarwari, su rubuta wa Darekta da Gwamna, su aika da wakilai su yi magana baki da baki. Bukatunsu ba su canza ba: a yi tsarin albashi guda wanda kowace Mishan za ta bi, a daidaita malamin da ke da takardar shaida da takwaransa na Gwamnati, kada a kori malami ba bisa ƙa'ida ba, a kuma riƙa jin ta bakin malamai kafin a yi dokar da ta shafi makaranta. Hujjarsu kuwa mai sauƙin fahimta ce. Muddin akawun kanti ko na jirgin ƙasa ya fi malami samu, to duk yaron da ya yi fice ba zai zauna a aji ba, kuma in ƙwararru suka watse ba tsarin da zai hana karatu lalacewa.

Maganar fansho ita ce ta fi wuya. Albashi abu ne na shekara guda, in kuɗi ya yi ƙaranci ana iya dakatar da ƙari. Fansho kuwa alkawari ne da ke bin mai biya har ran da mai karɓa ya bar duniya, ko gyaɗa ta yi kuɗi ko ba ta yi ba. Don haka Gwamnati ta riƙa cewa malaman Mishan ba ma'aikatanta ba ne, 'yan Mishan kuma suka riƙa cewa abin da suke tarawa a coci da kuɗin makaranta ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Malami ya zama kowa na amfana da shi yana da ƙarfi, ba mai son ya amsa sunan ubangidansa in ya tsufa.

Ana cikin haka Yaƙin Hitila ya tashi a 1939. Kaya suka yi wuya, gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada, albashi kuwa yana nan inda yake. Ma'aikata suka matsa, har a 1942 Gwamna Bourdillon ya yarda a biya kuɗin tsadar rayuwa. Tsada ba ta tsaya ba, sai a watan Yuni 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na sauran ma'aikatu suka ajiye aiki fiye da kwana 40. Aka aiko da Mista Tudor Davies ya bincika, ya ba da shawara a ƙara rabin abin da ake biya a kan kuɗin tsadar. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari sai tsohuwar tambaya ta dawo: malamin da ba na Gwamnati ba, wa zai biya nasa? N.U.T. ta tsaya a kan wannan tambaya ba ta gaji ba. A shekarun nan kuma darajarta ta ɗaukaka, har aka sa Ransome-Kuti cikin kwamitin Elliot na 1943 wanda ya duba maganar ilmi mai zurfi a Afirka ta Yamma, Mista Alvan Ikoku kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947, ya riƙa gabatar da shawarwarin malamai a zauren.

Amsa ta zo a 1948. Ingila ta riga ta sassauta tsohuwar ƙa'idarta, ta ware kuɗin raya ƙasashen da take mulka a 1940 da 1945. Aka sa Mista Sydney Phillipson ya bincika yadda ake ba da gudummawar makarantu, aka kuma yi sabuwar dokar ilmi wadda ta game ƙasa duka. Tsarin da ya kawo shi ne a fara lissafa albashin malaman makaranta bisa ma'aunin da aka yarda da shi, a ƙara wani abu don sauran hidimomi, sa'an nan a cire abin da ake zaton mutanen wurin za su iya tarawa gwargwadon arzikinsu, abin da ya saura Gwamnati ta biya. Da dai albashin malami shi ne abin da ya rage bayan an gama kome, yanzu kuwa ya zama shi ne farkon lissafi. Abin da jam'iyya ta yi shekara 17 tana nema ke nan, ko da yake maganar tsufa ba ta ƙare a nan ba.

Mai karatu zai so ya ji ina malaman Arewa suke duk wannan lokaci. N.U.T. ba ta yi ƙarfi a cikinsu ba, dalili kuwa a fili yake. Malamin En'e baran Sarki ne, in yana da kuka ta hannun shugabansa zai bi, ko ya sami wani babba ya kai masa, taron ma'aikata su rubuta takardar ƙorafi kuwa ana ɗaukarsa rashin ladabi. Ga su kuma 'yan kaɗan, warwatse cikin larduna masu nisa da juna. Amma a Midil ta Bauci an sami haɗuwar malamai masu kaifin hankali. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana can tun da ya fito Kwalejin Katsina a 1933, Malam Aminu Kano ya zo a 1942, ga kuma Malam Sa'adu Zungur a garin. Suka riƙa zaman tattaunawa kan al'amuran ƙasa da na En'e. Da yaƙi ya ƙare aka aika da Malam Abubakar Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu ya bi baya a 1946.

A can Malam Aminu ya ga malaman Ingila suna da jam'iyyarsu, suna zama da hukuma su yi ciniki kan albashi, ba wanda ya kira su 'yan tawaye. Da ya komo sai ya shiga rubuta wa malamai wasiƙu lardi lardi, har a 1948 Jam'iyyar Malaman Arewa ta tsaya da ƙafafunta, shi ne kuma magatakardanta. Ta nemi a gyara albashi da sharuɗɗan aiki, a rage ratar da ke tsakanin malamin Arewa da na Kudu, a kuma kyautata abin da ake koya wa yara. Muhimmancinta ya wuce maganar kuɗi, domin a cikinta ne ma'aikatan En'e na Sakkwato da Barno da Ilori da Adamawa suka saba zama wuri guda, su zaɓi shugabanni, su tsai da magana da rinjayen ƙuri'a. Da siyasa ta buɗe, daga cikin malaman nan aka sami da yawa daga shugabannin Arewa. Malam Aminu da kansa ya bar aikin koyarwa a Maru a 1950 ya shiga siyasa, Malam Abubakar kuma ya zama Firayim Minista a 1957.

A Kudu Ransome-Kuti ya rasu a 1955, Ikoku ya karɓi shugabancin N.U.T. a wannan shekara. Jam'iyyun biyu suka ci gaba kowace a ɓangarenta, sai a 1972 malaman Arewa da na Kudu suka haɗu cikin N.U.T. guda. A 1976 aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka a gurbin tsohon tsarin En'e, a shekarar kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Ba a yi shekara goma ba farashin man fetur ya faɗi, kamar yadda na gyaɗa ya faɗi a da, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. Amma a wannan karon sun tarar da jam'iyya a kafe, da ofis da magatakarda da hanyar kai kuka, abin da malamin 1931 bai tarar ba.

Malaman En'e na farko da yawa ba a rubuta sunayensu ko'ina ba sai cikin takardar biyan albashi. Sun koyar a ɗakunan jinka, sun bi ƙauyuka suna rarrashin iyaye su bar 'ya'yansu su zo aji, kuma daga hannunsu akawuna da ma'ajiyai da malaman asibiti na En'e suka fito. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya sa albarka ga zuriyarsu, ya kuma ba masu riƙe da alƙalamin kasafi ikon yin adalci. Amin.