Amadou Balaké: Direban Tasin Wagadugu da Ya Kai Muryarsa New York

'Yan'uwa na Bilbalogho da sauran mazauna zango, yau tarihin wani mawaƙi na kawo muku. Yaran yanzu in an ce waƙa mai taushi ta soyayya, hankalinsu sai ya tafi Amurka ko Legas. To tun kafin a haife su, garin nan namu na Wagadugu ya yi mai murya wanda ya haɗa kiɗan baƙaƙen Amurka irin na James Brown da salsa ta Kuba da warba ta Mosawa, ya dama su wuri guda. Sunansa Amadou Traoré, amma duniya ta san shi da Amadou Balaké.

An haife shi a Ouahigouya a 1944. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta dawo da shi Wagadugu. Ya yi yaron mota a Mopti ta ƙasar Mali, ya komo gida ya kama tuƙin tasi. Daga farkon shekarun 1960 ya ajiye sitiyari ya bi makaɗa: Bamako, Abijan, Kankan, Konakiri. Da ya dawo sai ya shiga ƙungiyar Harmonie Voltaïque, a nan ya yi waƙar "Balaké" wadda ta karɓu har ta cinye masa sunan Traoré. Ya rera wa ƙungiyar Super Volta, daga baya ya kafa tasa ƙungiyar, Les 5 Consuls.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda aka ɗauki fayafayensa. A zamanin da ƙasar nan take amsa sunan Haute-Volta, mawaƙin da ke son faifai mai kyau sai ya ɗauki jaka ya fita. Balaké ya bi hanyar da kakanninmu fatake suka sani sarai. Kundinsa na farko a Akra aka ɗauke shi a 1976. Sai ya haɗu da Aboudou Lassissi, mai kamfanin Sacodis na Abijan, wanda ya fitar masa da manyan fayafayen ƙarshen shekarun 1970, ciki har da "Bar Konon Mousso" da "Taximen".

Ku tsaya kan "Taximen" ɗin nan. Mutumin da ya ci abinci da tuƙin tasi, shi ne ya juyo ya yi wa direbobin tasi tatas, yana kukan rashin kirkinsu ga fasinja, cikin Faransancin kan titi wanda kowa ke ji. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waƙar ta samo masa faifan zinariya a Kodebuwa a 1982. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi cikin zafin Afrilu yana ɗaga wa korayen tasin Wagadugu hannu suna wuce shi, ya san waƙar ba ta tsufa ba.

A 1979 ya tafi New York, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da makaɗan salsa na can, har da gwanin fiyano Alfredo Rodríguez. Daga wannan tafiya aka sami "À New York" da "Afro-Charanga", kuma a nan ne "Whisky Magnin" ta fito, waƙar gargaɗi kan giya. A ganina, a waɗannan fayafaye muryarsa ta kai ƙarshen nuna.

Bayan haka kasuwarsa ta ɗan lafa. Wajen shekarar 2000 mai shirya fayafaye Ibrahima Sylla ya kira shi cikin ƙungiyar Africando, duniya ta sake jin sa. Kamfanin Oriki Music ya tattara tsofaffin waƙoƙinsa a kundin "Señor Eclectico" a 2008. Kundinsa na ƙarshe, "In Conclusion", a nan Wagadugu aka ɗauke shi a 2013, amma bai ga fitowarsa ba. Ya rasu ranar 27 ga Agusta 2014, kamfanin Sterns na Landan ya fitar da kundin a 2015. Allah ya jiƙansa.

Don Allah, wanda ke da tsohon faifan garmaho ko kaset ɗin Balaké a akwatin baba ko na kaka, kada ya bari rana da ƙura su lalata shi. Ku ɗauki hoton bangon ku turo a ƙasa mu gani.