Kalifar Brembo, Fijo 504 da abin da ya faru a Le Mans

1/ Jama'a, sati uku ke nan ina kokawa da zuciyata kan birkin mota. Abin ya kai ni karatun tarihin da ban yi niyya ba. Zaren yana da ɗan tsawo, mai hanzari ya ajiye sai dare.

2/ Ina da tsohuwar Peugeot 406 mai ƙofa biyu, 'yar Beljiyam. Ita ce 'yar lelena. Ran nan na taso daga Kano zan je gida Kaikai, ɗiyata tana baya. Dab da Gidan Mutum Ɗaya wani mai babur ya faɗo titi ba ko waiwaye. Na take birki iya ƙarfina. Motar ta ja taya, ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita nake ba. Allah ya kiyaye, tazarar ba ta kai taku biyu ba.

3/ Washegari na kai ta gareji. Bakanikena ya ce, "Alhaji, birkin nan ya yi mata kaɗan. Akwai kalifar Brembo ta mai injin V6 a Ƙofar Ruwa. In muka ɗaura, ko allura aka ajiye za ki tsaya." Da motar yake, yana shafa ta. Kuɗin da ya faɗa, har da sauya rim, ya kusa takin gonata na bana.

4/ Sai na tambayi kaina: wai asali me ya sa aka ƙirƙiro babban birki?

5/ Birki iri biyu ne. Akwai durom, wanda layinin ke turawa daga cikin ganga. Akwai diski, faifan ƙarfe da kalifa ke matsewa ta gefe biyu. Abin mamaki, kusan sa'annin juna ne: a 1902 Louis Renault ya fito da durom ɗinsa a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi wa diski rajista a Ingila. Durom ya yi mulki shekara 50, diski yana gefe.

6/ Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Durom a rufe yake, zafin ba ya samun hanyar fita. Ka taka sau ɗaya, lafiya lau. Ka taka sau goma a jere cikin gudu, gangar ta buɗe, layinin ya daina kamawa. Shi ne direbobi ke cewa birki ya shanye.

7/ Tseren Le Mans a Faransa awa 24 ake yi ba tsayawa, kuma a kowane zagaye sai mota ta sauko daga matsanancin gudu ta sha kwana. A 1953 kamfanin Jaguar ya shigo da C-Type ɗauke da diskin da suka haɗa da Dunlop, fasahar da aka aro daga jirgin sama. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci, da matsakaicin gudun kusan kilomita 170 a awa. Ba su fi kowa girman inji ba. Birkinsu na awa ta 20 yana kamawa kamar na awa ta farko, shi ke nan sirrin.

8/ Ku lura da wannan, don a nan tunanina ya fara juyawa. An yi diski ne don maganin zafin taka birki a kai a kai. Ni kuwa a Gidan Mutum Ɗaya sau ɗaya na taka, kuma tayoyina har ihu suka yi. Birkin da ya iya ƙame taya ya gama nasa aikin. Saura tsakanin taya da kwalta.

9/ Sai 11 ga Yuni 1955, a Le Mans ɗin dai. Mike Hawthorn a cikin Jaguar D-Type ya wuce Lance Macklin, sannan ya take birki zai shiga wurin shan mai. Birkin ya kama nan take. Macklin ya kauce hagu. Pierre Levegh yana tafe a guje cikin Mercedes 300 SLR mai durom, ya hau bayan motar Macklin, ya tashi sama, tarkacen motar ya afka cikin 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu, har da Levegh.

10/ Binciken hukuma bai ɗora wa direba ɗaya laifi ba, tsarin filin aka fi zargi. Mercedes kuwa a ƙarshen shekarar ta bar tseren mota, sai bayan shekara 30 da wani abu ta dawo. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: na gaba ya tsaya da kyau, na baya ba su shirya ba. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Katsina, ta Bichi, Tsanyawa, Kankia, Charanchi, ya san me ke bin bayansa. Tirela ce, ko bas shaƙe da mutane da buhunan masara a kai.

11/ Mu dawo gida. Fijo 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kuma ta zo da diski a duka ƙafa huɗu, abin da ba kowace motar iyali ke da shi ba a lokacin. A 1975 masana'antar PAN ta fara haɗa Fijo a Kaduna. A wannan shekarar Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 504 mai ƙofa biyu, V6. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, su ne kuma suka zana tawa. Kakar motata ke nan, shi ya sa nake ɗan ji da kai.

12/ Amma wagon ɗin da ta yi wa Arewa bauta, mai kujera layi uku, durom ne a bayanta. Haka a-kori-kura. Ba rowa Faransawa suka yi ba. Durom yana jure kaya da ƙura, birkin hannunsa yana riƙewa, kowane bakanike a tasha zai gyara shi.

13/ Na je wurin kawuna a Kankia, wanda ya ja wagon a wannan hanyar tun kafin a kafa 'yan Rod Sefti a 1988. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Kai yaro, nawa kake gudu?" Na ce, "Kawu, 120 ne kawai." Ya yi dariya har da tari. Ya ce su a zamaninsu tun daga nesa suke rage giya in sun hango kasuwa, birki na ƙarasawa ne.

14/ Lissafi yana bayansa. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Kuma a 120, kowace daƙiƙa mota na cin mita 33, tun ƙafarka ba ta bar totur ba. Babu kalifar da ke dawo da wannan.

15/ Sai ya tashi ya duƙa gaban tayata. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Nawa na gaba sun haura shekara goma. Zanen yana nan raɗau, amma robar ta bushe kamar ƙirgi. Wallahi kunya ta kama ni. Na saya ne don sun yi arha.

16/ Man birki ma tun da na sayi motar ban taɓa juye shi ba, ƙari kawai. Man nan yana shan danshi. DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa, feda ta tafi ƙasa salin-alin.

17/ Ba na cewa Brembo banza ce. Da a filin tsere nake, ko kullum ina gangara tsaunukan Jos da kaya, da na saya ban yi ciniki ba. Mu nan ƙasarmu shimfiɗe take.

18/ Na sayi sababbin tayoyi huɗu, na duba lambarsu da idona. An juye man birki, an sa sabon fad, an sauya tiyo biyu da suka tsattsage. Bakanikena bai ji daɗi ba. Ya ce, "Alhaji, kalifar fa wani zai ɗauke." Na ce ya bar masa.

19/ Jiya na sake bi ta Gidan Mutum Ɗaya, a 70, giya ta huɗu. Ɗiyata ta ce, "Baba, yau motar ba ta da lafiya ne?" Taki kuma an sauke buhu shida, saura na yi wa mai shago alkawari bayan sallar Juma'a.