Blackjack: Ƙa'idojin kartar 21 da dalilin da ya sa gidan caca ke rinjaye

Blackjack, wanda ake kuma kira kartar 21, yana cikin wasannin da suka fi shahara a gidajen caca na duniya. A Najeriya ana yin sa a manyan otal kamar Transcorp Hilton da ke Abuja da Federal Palace a Legas. Yanzu ya shiga wayoyin hannu, ta yadda matashin da ke Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona a Jihar Nasarawa, ba sai ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja ba kafin ya ci karo da shi.

Wasan ya bunƙasa a Faransa a ƙarni na 18, ya ƙara karɓuwa a Amurka bayan Jihar Nebada ta halatta caca a 1931.

Ɗan wasa yana karawa ne da mai raba kati, wato wakilin gidan cacar. Burinsa shi ne makinsa ya fi na mai rabon ba tare da ya haura 21 ba. Kati daga 2 zuwa 10 makinsu shi ne lambar da ke jikinsu. Masu hoto, wato K da Q da J, kowanne maki 10 ne. Katin A kuwa 1 ne ko 11, gwargwadon abin da ya fi amfanar mai shi.

Ana ba kowa kati biyu, mai rabon kuma ya buɗe ɗaya daga cikin nasa. Ɗan wasa na iya neman ƙari, ko ya tsaya, ko ya ninka kuɗinsa a ba shi kati ɗaya tak, ko ya raba kati biyu masu daraja ɗaya. Mai rabon ba shi da zaɓi: dole ya ci gaba da ɗauka har makinsa ya kai 17. Wanda katinsa biyu na farko suka ba shi 21 cif, a bisa al'ada ana biyansa Naira 15,000 a kan 10,000; wasu gidajen 12,000 kawai suke bayarwa.

Ribar gidan caca tana cikin tsarin kansa. Ɗan wasa ne ke fara yanke shawara, kuma da zarar ya haura 21 kuɗinsa sun tafi, ko da mai rabon ma ya haura daga baya. A 1956 Roger Baldwin da abokansa uku suka wallafa dabarar lissafi ta rage wannan giɓi, sannan Edward Thorp ya faɗaɗa binciken a littafinsa na 1962. Duk da haka, mai bin dabarar sau da ƙafa yakan yi asarar kimanin Naira 500 a kowace 100,000 da ya zuba idan wasa ya yi tsawo. Asarar mai kame-kame ta ninka haka.

A ɓangaren doka, ranar 22 ga Nuwamba, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka dokar jiha ce ke hawa kan mai caca a Garaku. A Kano kuwa, Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a 2024.