Gumakan Rum Da Mutum-Mutumin Sakkwato

A shekarar 1800 aka buɗe wasu zauruka a fadar Louvre da ke birnin Faris domin jama'a su shiga kallon sassaƙe-sassaƙen mutanen Rum na dā. Asali ɗakunan Sarauniya Anne ne, mahaifiyar Sarkin Faransa Louis na 14, an ƙawata rufinsu da zane-zane da ruwan zinariya tun wajen 1655. Wanda ya shiga sai ya tarar da mutane na farin dutse jere, wannan sarki, wancan jarumi, ga wani tsoho macizai sun nannaɗe shi tare da 'ya'yansa biyu, har jijiyoyin wuyansa an fitar. Kai, aikin ya kai aiki. Amma mafi kyawun kayan nan ganima ce. Napoliyon ne ya tilasta wa Fafaroma ya ba da su a yarjejeniyar Tolentino ta 1797, kuma sai bayan da aka ci shi da yaƙi a 1815 sannan aka mayar da yawancinsu Italiya.

Su kansu Rumawan haka suka samu. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin yaƙinsu Mummius ya rushe birnin Koranti na Girkawa, ya yi jigilar gumakansa zuwa Rum. Da yawa daga abin da ake kira aikin Rumawa ma kwaikwayo ne na aikin tagulla na Girkawa. Watau ɓarawo ne aka yi wa sata.

To, mai karatu zai ce ina ruwan Basakkwace da wannan? Ruwansa shi ne sunan garinsa ya shiga irin wannan magana, a wannan fada ɗin kuwa. A watan Afrilu na shekarar 2000 Shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a Louvre na kayan Afirka da Asiya da Amurka da tsibiran teku. Cikin kayan da aka baje har da mutum-mutumi biyu na gasasshen yumɓu irin na Nok, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam tare da na uku, wanda masana ke kira ɗan Sakkwato. Dukansu ta ɓarauniyar hanya suka bar Nijeriya, domin tun 1953 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, aka kuma ƙarfafa ta da dokar soja mai lamba 77 ta 1979. A shekarar ta 2000 ɗin dai Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Aka yi ta cacar baki, har a 2002 Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta bar mata su aro na shekara 25.

Mene ne wannan ɗan Sakkwato? Siffar mutum ce ta yumɓu, galibi namiji mai gemu, girarsa ta yi nauyi ta rufo idanu kamar wanda ke cikin fushi ko zurfin tunani, kuma ba shi da yawan ado kamar na Nok. Gwajin da aka yi wa wasunsu ya nuna sun kai kimanin shekara dubu biyu, watau tsaran sarakunan Rum na farko ne. Sunan kuwa na aro ne kawai, don Muhammadu Bello bai kafa birnin Sakkwato ba sai 1809. An laƙaba musu shi ne saboda an ce daga wannan yanki aka tono su.

A nan ne bambancin yake, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu ɗauki gunkin Kaisar Agustas da ke gidan tarihin Batikan. An san ranar da aka tono shi, 20 ga Afrilu 1863. An san wurin, gidan matarsa Libiya a Prima Porta, arewa da Rum. A jikin sulkensa an sassaƙa wani Bafarishe yana miƙa wa Barume tuta, masana suka haɗa wannan da abin da littattafai suka faɗa, cewa a shekara ta 20 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Farisa sun mayar wa Rum tutocin yaƙin da suka ƙwace. Har ragowar launin da aka shafa masa an gano, aka tabbatar da can ba fari fat yake ba. Dutse ne, amma ana tambayarsa yana ba da amsa.

Namu kuwa bebe ne, kuma mu muka bebantar da shi. Wanda ya haƙa rami da dare da galma ba ya rubuta zurfin ramin, ba ya tsince gawayin da ke gefe, ba ya kula ko kabari ne, ko kufai, ko wurin tsafi. Ya cire kai ya sa a buhu, ya tattake sauran. Dillali ya ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, kaya su bi ta Kwatano ko Lome su ƙare a Turai. Gawayin nan da kaskon nan da aka watsar su ne za su faɗi wane ne mai abin, me yake ci, da wa yake ciniki. Da zarar an birkita ramin, shi ke nan, ko an dawo da kan ba a dawo da labarin ba.

Ba wai aikin ya gagara ba ne. Kan nan na Jama'a da ya shiga hannun Bernard Fagg a wajen 1943 daga filin haƙar kuza ya fito, shi ya bi sawunsa har aka san al'adar Nok, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, masu binciken ƙasa sun yi tono a tsanake kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, suka sami ƙananan siffofin yumɓu a mazauninsu. Daga 2005 kuma masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka shiga tono a ƙasar Nok, suka gano mutanen manoman gero ne, kuma sun fara gina waɗannan siffofi tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2013 aka nuna kayan a Frankfurt gefe da gefe da na Misira da Girka da Rum, sa'an nan aka dawo da su gida.

Na san abin da wani zai ce: gumaka ne, mu kuwa jikokin masu jihadi ne. Gaskiya ne, babu Musulmin da zai girmama gunki. Amma ajiye abu don shaida daban, bauta masa daban. Shehu Usmanu da Bello da Abdullahi sun rubuta al'adun da suka tarar suka yaƙa, da ba su rubuta ba da ba mu san girman aikinsu ba. Misirawa Musulmi ne, ga Azhar a Alƙahira, ga kuma gidan kayan Fir'aunoni a gari guda. Ƙyamar da muke yi wa abin ba ta hana a tono shi ba, ta dai sa mun kau da kai lokacin da ake lodinsa a mota.

A Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke cikin garin nan, mai ziyara zai ga rubuce-rubucen malamai da wasiƙun sarakuna da makaman yaƙi, kuma sun cancanci wurinsu. Sai dai mutane sun zauna a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato tun kafin Gobir da Kabi su sami suna. Wa'adin aron da aka bai wa Faransa 2027 ne, kuma yarjejeniyar ta yarda a sabunta shi. Ina ganin ya kamata Ƙungiyarmu, tare da malamanmu na Sashen Tarihi, ta rubuta wa hukumar gidajen tarihi a Abuja ta tambaya ina za a ajiye ɗan Sakkwaton idan ya dawo.