Tsingaro Ma Yana da Labari

Ɗan'uwa manomi, sau nawa hauyarka ta tono tsingaro a gona ka yar? Nan gaba ka ɗauka, ka share ƙasar, ka dubi bayansa. Sau da yawa za ka ga zane. Zanen nan shaida ne na waɗanda suka zauna wurin kafin mu.

A Turai, ƙasashe kamar Jamus da Folan sanyi gare su ƙwarai. Wajen shekara ta 1500 zuwa 1600, mutanen birni suna gina babban murhu cikin ɗaki don jin ɗumi, kamar yadda ake hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa na mai jego. Sukan lulluɓe murhun da fale-falen yumɓu gasassu, masu hoton sarakuna, ko furanni, ko labarin addininsu. Yau idan masu bincike sun tono gutsattsarinsu, hoton yakan nuna musu zamanin gidan da arzikin mai shi.

Mu ma muna da namu. Mai ginin tukwane takan murza igiya, ta mirgina ta a bayan tukunya tun yumɓu yana ɗanye. Wata totuwar masara take mirginawa. To, lura da kyau. Masara daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492. Ke nan tsingaro mai zanen totuwa bai girmi wannan shekara ba.

A jihar Damagaram akwai wani kango, Kufan Kanawa. Tsofaffi sun ce daga can wasu mutanen Kano suka taso. Wata mai bincike, Anne Haour, ta yi tono a wurin, ta tara tsingaro mai yawa. Aikinta ya nuna akwai gari a can fiye da shekara 500 da suka wuce.

Nan kusa da Safo, ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945, mutane suka koma kan tudu. Haka gari yake tashi. Gidan ƙasa ya narke, zana ta ruɓe, amma gasasshen yumɓu yana nan.

Saboda haka in ka tarar da tsingaro mai zane jibge wuri ɗaya, kada ka kwashe, kada ka bar yara su farfasa. In ya bar wurinsa, rabin labarinsa ya ɓace. Ka riƙe wurin, ka gaya wa mai gari da malamin makaranta.