Fitilar inji ta kunna: yadda ake karanta lambobin matsala a tsohuwar mota

Jama'a masu saurarenmu na Madawa, Buza da Keita, da ƴan uwa mazauna waje masu aiko wa gida mota, yau bayaninmu a kan fitilar nan ce mai ruwan goro, mai siffar inji, da ke kunnuwa a gaban direba. Wasu na tsorata da ita, wasu kuma su liƙe ta da takarda su ci gaba da tafiya. Fitilar tana cewa ne kwamfutar mota ta ga abin da bai yi mata daidai ba, ta ajiye shi da lamba. Lambar nan wurin da za a duba take nunawa, ba ta cewa a sayi kaya kaza.

Waɗanne motoci ne ke da lambobi?

Yawancin motocin da ke zirga-zirga a yankinmu na hannu ne, sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome. A Amurka, tun 1996 doka ta tilasta wa ƙananan motoci tsari guda da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu: motocin esansi daga 2001, na gazuwal daga 2004. Irin waɗannan suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar karatu, abin da makanikai ke cewa "a sa mata kwamfuta". Akwai kuma ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ke aika lambobin zuwa wayar salula.

Mota mai kafireto, kamar tsohuwar Peugeot 504, ba ta da kwamfutar inji, don haka ba ta da lamba. Ita sai kunne da idon makaniki.

Yadda lambar take

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu, misali P0301. Harafin P na nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. In sifili ya biyo bayan harafin, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, to ta kamfanin ce kaɗai: P1 na Toyota daban, na Peugeot daban. Alƙalami na gaba shi ke faɗin sashe: 1 da 2 mai da iska, 3 wutar buji, 4 hayaƙi, 5 gudu da tsayuwar inji, 6 kwamfutar kanta, 7 giya.

Lambobin da suka fi shafar mu

P0300 na nufin inji na tsallake wuta a silinda daban-daban. P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Sanadin na iya zama buji, ko koyil, ko injekta da ta toshe. Makaniki mai hankali zai musanya koyil ɗin da na silinda ta kusa. In lambar ta bi koyil ɗin, an kama ɓarawo.

P0171 na cewa iska ta fi mai yawa. Sau da yawa tiyo ne ya tsage iska ke shiga, ko matatar mai ta cika da datti, ko famfon mai ya gaji. Mai shan ruwa-ruwa na bakin hanya, wanda aka juye daga jarka zuwa kwalba, ya fara duba matatar mai.

P0101 ta shafi sansa mai auna iskar da ke shiga inji. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin Adar na liƙe mata. Wanke ta da maganin da aka yi don haka, tare da canza matatar iska, kan wadatar.

P0128 na nufin inji bai kai zafin da ake so ba. A nan ƙasar an saba cire tamosta wai don zafin rana, alhali in inji ya daɗe bai ɗumama ba, sai ya ƙara shan mai.

P0420 ta katalizer ce, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Wasu motocin kan iso an riga an cire ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Motar za ta yi tafiya, amma fitilar ba za ta mutu ba.

P0335 ta sansa mai ƙirga juyin inji ce. Ita kam kada a yi mata wasa, domin mota na iya mutuwa ta ƙi tashi, ko da a tsakiyar duwatsu tsakanin Buza da Keita ne.

Tsofaffin Toyota

Toyota masu injekta da aka ƙera kafin wannan tsari, irin su Corolla, Carina da motar gudu Celica, suna faɗin lambarsu ba tare da na'ura ba. Kusa da inji akwai ƙaramin akwati mai murfi. A haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da tada inji ba, sai a ƙirga ƙyaftawar fitilar. Ƙyaftawa biyu, ɗan shiru, sai wasu biyu, lamba 22 ke nan: sansa mai auna zafin ruwa. Lamba 21 sansa ta hayaƙi ce, 12 kuma ta juyin inji. In tana ƙyaftawa a jere babu tsayawa, babu matsalar da aka ajiye. Wanda bai gane ramukan ba ya bar wa makaniki, don haɗa waya a inda ba daidai ba na iya ƙona wani abu.

Yaushe za a tsaya?

In fitilar ta tsaya cak kuma mota na jan ta lafiya, ana iya ƙarasawa garaji a Madawa, Kwanni, Tawa ko Maraɗi. In tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, inji na tsallake wuta sosai: a rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Jar fitilar man inji da ta zafi kuwa sun fi ta gaggawa. Da sun kunna a kashe mota nan take.

Kafin a biya kuɗi

A rubuta lambar a takarda kafin a goge ta. Gogewa ba gyara ba ce, cire batir ma haka. In ciwon na nan, fitilar za ta dawo. A tambayi makaniki me ya gwada kafin ya ce a sayi sansa sabuwa, domin sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa.

Ku kuma ƴan uwa masu sayo mota ku aiko gida, ga gwaji mai sauƙi. A murɗa makulli kafin a tada inji: dole fitilar ta kunna, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kunna ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta don a ɓoye matsala. Na'urar karatu tana kuma nuna ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajenta. In ta ce ba ta kammala ba, alama ce kwanan nan aka goge lambobi ko aka cire batir. A yi tafiya mai ɗan nisa da motar, a sake jonawa, sannan a yi ciniki.

Allah Ya kiyaye hanya.