Harba-ka-ruga a Hanyar Gwanja

A ƙarni na 19, fataken goro daga Kano zuwa Salaga kan yada zango a Parakou da Djougou, wato Zugu. Ƙasar Bargu ta yi ƙaurin suna wajen fashi, shi ya sa wasu fatake ke riƙe bindiga. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a sa harsashi, a danne da sanda, ƙanƙara ta ba da wuta. Mai saye kan duba bututun, domin mai tsaga kan fashe a hannu. Bayan harbi kuma sai a goge, a shafa mai saboda tsatsa. Jinkirin ɗuri da jiƙewar albarushi su suka sa ayari bai taɓa ajiye kwari da baka ba.